Tambayi Likita: An ce gishiri ya yi wa Baffa yawa a jini, alhali ko miya ba ya sha

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da zafin nan ya kankama saƙonnin da ke shigowa filin nan daga Gombe da kewaye kusan duk hanya ɗaya suka bi, shi ya sa na tattaro waɗanda suka shafi hauhawar sodiyom, wato sinadarin da ke cikin gishiri, a jini na haɗa su wuri ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah ina neman ƙarin haske. Baffanmu ne shekarunsa sun haura 80, tun bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ma sai da ƙyar, to cikin zafin nan sai muka ga ya koma barci kawai, in an tashe shi sai sambatu yana ta kiran mutanen da suka rasu tuntuni. Dada ta ce rikicin tsufa ne, wasu suka ce a kira malam a yi ruƙiyya, da ƙyar dai Hamma ya matsa aka kai shi asibiti. An ɗebi jini an yi tes aka ce sodiyom ɗinsa 161, wai gishiri ya yi yawa a jininsa. Ni kam abin ya ɗaure min kai, mutumin da tun da aka ce yana da hawan jini aka cire masa gishiri da magi, kunu ne kawai abincinsa, ina ya samo gishirin? Kuma yau kwana biyu ana ta ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan kamar ba a so, sai ɗiban jini safe da yamma, Hamma har ya fara cewa ko kuɗinmu ake son ci. Me zai hana a sake masa ruwan ya shiga da sauri ya farfaɗo? Daga wani ɗan'uwa a Jekadafari.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baffa lafiya, Ya sa kaffara ne, kuma ka gaishe min da Hamma, matsawar da ya yi aka tafi asibiti ita ce daidai.

Ba gishiri Baffa ya ci ba ɗan'uwa, ruwa ne ya ƙare masa a jiki. Lambar nan da ka gani a rizal ba tana faɗin yawan gishirin da mutum ya ci ba ne, tana faɗin yawan sodiyom ne a cikin kowace lita ta ruwan jini. Ga mai lafiya tana tsayawa tsakanin 135 zuwa 145, in ta wuce 145 ta hau, in ta kai wajen 160 kuwa magana ta yi tsanani. Ka dubi miyar da aka manta a kan wuta, ba wanda ya ƙara mata gishiri amma da ruwan ya tsane sai ka ɗanɗana ka ji ta yi zau. Abin da ya samu jinin Baffa ke nan.

Ni da kai da wuya hakan ta same mu. Da zarar sodiyom ya ɗan motsa sama ƙwaƙwalwa za ta taso mana da ƙishi mu nufi randa, sannan ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa in ka wuni a rana fitsarinka ke fitowa kaɗan kuma ja. To wanda wannan ciwo ke kamawa shi ne wanda ba ya jin ƙishin, ko yana ji amma ba ya iya tashi, ko ba ya iya faɗa. Tsoho dama ƙishinsa ya ragu, ga Baffa ɓari guda ba ya aiki, ga baki ya yi nauyi, ga zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40 a garin nan, ɗaki na kwano, ba wuta ba fanka, ruwa na fita ta gumi da numfashi dare da rana ba a gani. In zazzaɓi ya shigo ko gudawa, ko suga ya hau yana ta zubar da ruwa ta fitsari, ko yana shan magani mai sa fitsari, sai abin ya ninka.

Akwai kuma abin da dole in faɗa ko da ba daɗin ji, don yana faruwa a gidajenmu da yawa. Mai jinya ta gaji da wankin zanin gado da shanya katifa, sai a rage wa tsoho ruwa daga la'asar don kar ya jiƙa shimfiɗa. Ko kuma in an ba shi yana ƙwarewa yana tari, sai a ji tsoro a daina. Ba mugunta ba ce, na san jinyar mai shanyewar jiki ba ƙaramin aiki ba ne, amma wallahi gara a sayi leda a shimfiɗa a ƙarƙashinsa ko a sa masa famfas na manya da a hana shi ruwa. Ban ce haka aka yi a gidanku ba, amma ku zauna da masu kula da shi ku tambaya cikin lalama, kofi nawa yake sha a rana kafin ya kwanta?

Sambatun da yawan barcin kuwa daga ƙwaƙwalwa ne. In jini ya yi gishiri yana janyo ruwa daga cikin ƙwayoyin jiki zuwa waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗan motse, mutum ya fara kasala da saurin fushi, ya rikice, tsoka ta dinga harbawa, in abin ya ci gaba a samu jijjiga ko doguwar suma, wani lokaci ma ƙananan jijiyoyin jini su tsage cikin kai. Duk tsohon da hankalinsa ya juya cikin kwana biyu-uku ba rikicin tsufa ba ne har sai an auna an tabbatar, shi rikicin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Yanzu maganar ɗigon ruwa, kuma nan nake so ka karanta wa Hamma da kyau. In sodiyom ya hau ya kwana ɗaya biyu a sama, ƙwaƙwalwa tana yin dabararta, tana tara wasu sinadarai a cikin ƙwayoyinta don ta riƙe ɗan ruwan da ya rage mata. To in aka kwararo ruwa da sauri jini ya tsinke lokaci guda, ruwan zai ruga cikin ƙwaƙwalwar ne ta kumbura, ga ta cikin ƙoƙon kai ba wurin faɗaɗa, sai jijjiga, a je neman gyara a ɓata. Shi ya sa ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a sauko da lambar da kamar 10 a cikin awa 24, kar a wuce 12. Daga 161 zuwa 145 ka ga aikin kwana biyu ne ko uku, tunda har yanzu yana ci gaba da yin gumi da fitsari. Ɗiban jinin da ake yi safe da yamma da shi ake sanin ko a ƙara gudun ruwan ko a rage, ba tare da shi ba a makance ake aiki. In ka duba takardar za ka ga an rubuta E/U/Cr, shi ne tes ɗin da ke nuna sodiyom da fotasiyom da lafiyar ƙoda, ana yinsa a manyan asibitocinmu irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru a nan Gombe, da na koyarwa na ATBU a Bauchi.

Za ka kuma ga ledojin ruwan ba iri ɗaya ba ne. In an kawo mutum jininsa ya faɗi ƙasa ana fara masa da ruwan gishiri na 0.9 cikin 100 don a tada jinin tukuna, kar wannan ya ba ku mamaki, gishirin da ke cikinsa bai kai na jinin Baffa ba a halin da yake ciki. Bayan nan a koma mai suga 5 cikin 100 ko mai rabin gishiri, in yana iya haɗiya a haɗa da ruwan sha ta baki, in ba ya iyawa a zura siririyar roba ta hanci zuwa ciki. Mutanenmu suna tsoron robar nan, ana cewa in an sa wa mutum ita shi ke nan ta ƙare, ba haka ba ne, hanya ce kawai ta ruwa da kunu har ya samu ƙarfi. Kuma dan Allah kar wani ya taɓa makunnin ledar in nas ta fita.

Ba zan ɓoye maka ba, 161 ga mai shekaru 80 abu ne mai hatsari, kuma sau da yawa akwai wani ciwon a ƙarƙashi, ciwon huhu ko na mafitsara ko suga, don haka ku tambayi likitansa me aka gano. In Allah Ya sa an sallame shi kar ku jira sai ya ce ruwa. Ku ɗaura abin a kan lokutan sallah, kowace sallah kofi guda, sannan da kowane cin abinci, a tashe shi zaune sosai a ba shi da cokali a hankali. Kunu, koko, fura da nono mai ruwa-ruwa, kankana, duk suna cikin lissafi. Wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, sai dai in yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, nan kam likitansa ne zai yanka muku adadi. Ku dinga leƙa harshensa ko ya bushe, ku lura da fitsari, in ya wuni bai yi ba ko ya koma ja kamar shayi ku koma asibiti.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Yarona ɗan wata 8 ne yake ta zawo kwana uku, na sayo ORS a kemis, maƙwabciyata ta ce in zuba shi a ƙaramar robar lemo ya fi ƙarfi ya fi saurin aiki, haka na yi ta ba shi. Yanzu kam kuka yake wani iri mai ƙara, in an taɓa shi sai ya zabura, jikinsa da zafi, jiya har ya ɗan sanƙare. Ko haƙori ne? Daga wata uwa a Kumo.

AMSA: 'Yar'uwa ki ajiye komai ki kai yaron nan asibiti yau, ba gobe ba, kuma ki tafi da ledar ORS ɗin da robar da kika dama a ciki ki nuna musu. Ba haƙori ba ne. Kukan nan mai tsini, zabura, sanƙarewa, duk alamu ne da ke sa mu zargi sodiyom ya hau, kuma sai an auna jini za a tabbatar, don zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ma suna iya zuwa da kama da haka. A hanya ki ci gaba da ba shi nono.

Wannan shi ne wurin da gishirin da kansa yake laifi. ORS magani ne da ya ceci yara ba adadi, amma an auna shi ne daidai da ruwan da aka rubuta a jikin ledar, yawanci lita ɗaya, wato fiya wata biyu cif. In kika juye leda guda a robar da ba ta kai rabin lita ba kin ninka gishirin sau biyu ko uku, ga yaro dama zawo ya kwashe masa ruwa, ga ƙodarsa ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da gishiri mai yawa ba. Abin da ya sa irin wannan ke yaudarar iyaye shi ne yaron ba ya nuna bushewa sosai kamar yadda aka saba gani, ido bai faɗa can ba, fatar cikinsa in kin kama sai ki ji ta da wani kauri-kauri, sai a ɗauka da sauƙi alhali ƙwaƙwalwa ce ke shan wahala.

Nan gaba ki karanta ledar ko ki sa a karanta miki, ki juye duka a cikin ruwa mai tsabta daidai adadin da aka ce, kar a ƙara suga kar a ƙara gishiri, kar a dafa bayan an haɗa, in ya kai awa 24 a zubar a dama sabo. In babu na leda sai na gida, to lita ɗaya, suga ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe, ba cokalin cin abinci ba, ki ɗanɗana, in ya fi hawaye gishiri ki zubar. Sai maganin zinc, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata 6. Lemon kwalba da su jus na kwali ba sa maye gurbin ORS, sugansu ya yi yawa, ƙara zawon suke yi. Ita ma maƙwabciyar ki faɗa mata da daɗin rai, don tabbas ba ke kaɗai ta ba wannan shawarar ba.

TAMBAYA: Likita ni ina da hawan jini, kuma gaskiya ina son magi da yaji. Wato ni ma sodiyom ɗina ya hau ke nan? Sannan uwargida ta haihu ana ta ɗura mata kunun kanwa, akwai matsala? Daga Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Abu biyu ne daban malam. Kai in ka ci gishiri da yawa ƙishi zai kama ka ka sha ruwa, lambar sodiyom ta zauna daidai, amma ruwan da gishirin ya riƙe shi ke cika jijiyoyi ya tura hawan jini sama. Don haka tes ɗinka zai iya nuna 140 lafiya lau alhali gishirin na cin ka ta wata hanyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da wanda ke cikin magi da yajin tsire da taliyar leda ake lissafi.

Kanwa kuwa ita ma sodiyom ce cike, ko da ba ta da ɗanɗanon gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. A rage kanwar sosai, in tana da hawan jini ma a bar ta gaba ɗaya, kuma in ka ga ƙafarta ta kumbura ko tana haki in ta kwanta kar a tsaya jiran arba'in.

TAMBAYA: Adda ce ta haihu, haihuwar fari, yau kwana 6. Jaririyar ba ta kuka sam, barci kawai, kowa na cewa mai haƙuri ce, amma ni na ga famfas ɗinta ba ya jiƙewa kuma ta ɗan yi ɗorawa. Goggo ta ce a ba ta ruwan dabino. Daga Bajoga.

AMSA: Allah Ya raya, kuma madalla da idonki. Jaririyar da ta kwana 5 ya kamata ta jiƙa famfas aƙalla sau 6 a rana, ta sha nono sau 8 zuwa 12. Wadda ba ta tashi neman nono, ba fitsari, ga jiki ya yi ɗorawa, ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu. Hakan na faruwa a makon farko musamman ga haihuwar fari, in nono bai kawo sosai ba ko jaririya ba ta kama shi daidai, tana ta tsotso amma ba abin da ke shiga, a hankali ta bushe sodiyom ya hau. A wasu gidajen ma ana matse dakashi a zubar a ce sai nono ya gyaru, alhali shi ne abincinta na farko kuma rigakafinta. Ƙara da rigar sanyi da hula da bargo da garwashi a ɗaki cikin wannan zafi.

Ku kai ta asibiti yau a ɗora ta a sikeli. Raguwa kaɗan a kwanakin farko ba komai, amma in ta rasa sama da kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwarta sai an auna jini, kuma ɗorawar nan, wato ciwon shawara, ita ma tana buƙatar a duba ta. Ki taɓa maɗigarta ko ta faɗa, ki duba leɓe ko ya bushe. Ku ba Goggo haƙuri, ruwan dabino ko ruwa zalla ba shi ne gyaran ba, nono ne, in ba ta iya ja a tatsa a ba ta da ƙaramin kofi ko cokali, ungozoma ko nas ta zauna da Adda ta nuna mata yadda ake kama wa jaririya. In har likita ya ce a haɗa da madarar gwangwani a bi awon da ke jikin gwangwanin, cokali a shafe, kar a ƙara gari don wai ta yi ƙiba, madara mai kauri ita ma tana tada sodiyom.

TAMBAYA: Wata biyu da suka wuce na yi hatsarin mashin a hanyar Dukku na bugu a kai. Na warke alhamdulillah, amma tun lokacin fitsari nake kamar famfo, fari tas, dare ɗaya sai in tashi sau shida, ruwan sanyi kuwa ko jarka zan shanye. An auna suga sau biyu an ce babu. Abokai sun ce in rage shan ruwa fitsarin zai ragu.

AMSA: Kar ka rage, ruwan da kake sha shi ke riƙe da kai. Sinadarin nan da na ce yana umartar ƙoda ta riƙe ruwa, daga wata 'yar halitta yake fitowa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma buguwar kai na iya taɓa ta. In ya yi ƙaranci ƙoda sai ta saki ruwa ba birki, mutum ya yi sama da lita 3 a rana, wani har 10 ko fiye. Likitoci na kiransa dayabetis insifidus, ba ruwansa da suga. Muddin kana sha daidai da abin da ke fita sodiyom ɗinka zai zauna, ranar da ka kasa sha, ko azumi ko doguwar tafiya ko amai, cikin awoyi kaɗan zai iya haurawa. Wasu magunguna ma na kawo irin wannan ta ɓangaren ƙoda, musamman litiyom da ake ba masu wata larurar ƙwaƙwalwa, in kana shan wani magani ka tafi da shi.

Ka samu jarka mai awo ka tara fitsarin awa 24 ka rubuta lita nawa ne, da lita nawa ka sha, ka kai wa likita a babban asibiti tare da bayanin hatsarin. Za a auna jini da fitsari, wataƙila a yi hoton kai. Akwai magani, desmofiresin, na haɗiya ko na fesawa a hanci, yana tsayar da fitsarin sosai, amma ba na saye a kemis ba ne, don in aka sha shi aka ci gaba da kwankwaɗar ruwa kamar da sai sodiyom ɗin ya faɗi ƙasa, wannan ma wani hatsarin ne. Ga wasu abin na wucewa da kansa bayan wani lokaci, wasu kuma sai sun daɗe a kan magani. Maganar azumi, ko na nafila ko ramuwa, ka dakata tukuna har likita ya gan ka.